Carlo Forlanini: Likitan da ya riƙa kwantar da huhu don yaƙar tarin fuka

An haifi Carlo Forlanini a birnin Milan na ƙasar Italiya ranar 11 ga Yunin 1847. Ya karanta likitanci a jami'ar Pavia, inda daga baya ya zama farfesa. A zamaninsa tarin fuka ba shi da magani. Wanda ya kamu sai a kai shi inda iska ke da kyau, a ciyar da shi, a zuba wa sarautar Allah ido.

A 1882, shekarar da Robert Koch ya gano ƙwayar cutar, Forlanini ya zo da shawarar da ta ɗaure wa likitoci kai. A ganinsa, huhu ba ya warkewa ne saboda ba ya hutawa. Don haka sai a soka allura tsakanin haƙarƙari, a ɗura iskar naitirojin tsakanin huhu da bangon ƙirji, huhun ya lotsa ya kwanta, ramukan da cutar ta ci su haɗe. Ya fara yi wa majinyaci a 1888. An daɗe ba a saurare shi ba, amma a farkon ƙarni na 20 dabarar ta bazu a Turai da Amurka. Majinyaci kan shafe shekaru yana komawa ana ƙara masa iskar, wahala ce ba ƙarama ba.

Ya rasu a Nervi cikin Mayun 1918. Sai a shekarun 1940 aka samu maganin streptomycin, daga nan aka fara jingine allurarsa.

Sai dai aikin ya bar baya da ƙura. Wasu da aka yi wa sun dawo asibiti bayan shekaru masu yawa suna haki. Tantanin da ke lulluɓe da huhunsu ya yi kauri, ruwa ya maƙale a ciki, ƙwayoyin jini suka ruɓe a cikinsa har maiƙon kolestarol ya taru. Idan aka zuƙo ruwan sai a gan shi fari kamar madara.

Ba kasafai ake ganin wannan ba, amma bai ƙare da zamanin Forlanini ba. Yana iya samun wanda tarin fuka ya tara masa ruwa a ƙirji aka daɗe ba a yi magani ba. Dattijo a Madawa, Buza ko Keita da ya yi tarin shekarun baya, yanzu numfashi ke gagararsa, hoton ƙirji yake bukata. Idan aka ga ruwa, a kan auna shi a duba ko ƙwayar cutar tana raye.