Imam Damiri, Telan Da Ya Karanta Ayoyin Allah A Jikin Ƙwari

An haifi Kamaluddin Muhammad bin Musa Damiri a Alƙahira a shekara ta 742 bayan Hijira (1341), asalin gidansu kuwa garin Damira ne a arewacin Masar. Da ɗinki ya fara neman abinci, daga baya ya ajiye allura ya rungumi karatu a gaban manyan malamai irin su Baha'uddin Subki da Jamaluddin Isnawi. Ya shahara a fiƙihun Shafi'iyya, ya yi sharhin Minhaj na Imam Nawawi, ya karantar a Azhar, ya yi aikin Hajji sau da dama, har ya zauna a Makka yana koyarwa. Ya rasu a Alƙahira a 808 (1405).

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne Hayatul Hayawan, wanda ya kammala a 773. Dalilin rubuta shi kuwa ruɗanin da ya gani a wani majalisin karatu, inda aka kasa tantance sunayen wasu dabbobi. Sai ya jera dabbobi da tsuntsaye da ƙwari bisa haruffa, kowanne da ma'anar sunansa, da hadisan da suka ambace shi, da hukuncin cinsa, da karin magana, da fassarar ganinsa a mafarki. Kamar yadda masu zayyanar Alƙur'ani a Kano suke ƙawata shafi da tawada kala-kala ba tare da surar mai rai ba, haka shi ma da lafazi ya zana halittu. Littafin bai rasa raunanan ruwayoyi ba, sai an tace, amma darasinsa na nan: ƙanƙantar halitta ba ta hana ta zama aya. Ai muna karanta surorin Zuma da Tururuwa da Gizo-gizo.

Mu ɗauki ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi, wanda Larabawa ke kira du'usuƙa. Kiristocin Turai sun jingina shi ga Nana Maryam, suka danganta jansa da jan mayafin da masu zane ke yi mata, wasu kuma suna ɗaukarsa alamar sa'a. Mu ba mu camfa ƙwaro, lura aka umarce mu da yi. Manomin Bichi ko Ɗambatta da ya lura zai ga abincin wannan ƙwaro shi ne ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganyen wake da gyaɗa, irin waɗanda suka yaɗa cutar da ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa a 1975. Wanda ya yi feshi barkatai ya kashe ɓarawo, ya haɗa da mai gadi.

Kafin mu ɗauki abin feshi bana, mu sunkuya mu dubi abin da ke bayan ganye. Allah Ya jiƙan Damiri, Ya amfanar da mu da iliminsa.