Rupert East: Baturen da ya kafa wa adabin Hausa maɗaba'a a Zariya

Duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasar Hausa ya san Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya kuma san sunan Abubakar Imam. Kaɗan ne suka san mutumin da ya nemi a rubuta littattafan nan, ya gyara su, daga baya kuma ya tsaya tsayin daka har aka gina gidan da za a riƙa buga irinsu. Shi ne Dokta Rupert Moultrie East, ɗan ƙasar Ingila, wanda aka haifa a 1898.

Aikin ilimi ne ya kawo shi Nijeriya ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka. Ya zauna cikin Tibi har ya ji harshensu, shi ne ma ya fassara tarihin da Akiga Sai ya rubuta game da mutanensa zuwa Turanci, aka buga a 1939. Amma a Zariya ya yi aikin da ake tunawa da shi, bayan da aka damƙa masa Hukumar Fassara a farkon shekarun 1930. Aikin hukumar shi ne samar wa makarantu abin karantawa, daga ciki har da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka fassaro daga rubuce-rubucen Larabci.

East ya lura cewa fassara kaɗai ba za ta sa mutane su ƙaunaci karatu ba. A 1933 ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malaman makaranta su ƙago labarai da kansu. Abin bai zo da sauƙi ba, domin a wurin malaman wancan zamani alƙalami na ilimin addini ne, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Duk da haka gasar ta haifi littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda shekarunsa 22 ne a lokacin, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi, wanda ke ɗauke da sunan John Tafida da na East kansa. Sunan nan biyu a bango guda ya isa ya nuna yadda hannun mai gyara ya yi nauyi a aikin. A 1936 ya sa aka aro Imam daga Makarantar Midil ta Katsina, ya zo Zariya ya rubuta Magana Jari Ce.

Sai dai rubuta littafi daban, mayar da shi abin da ɗan makaranta zai saka a jaka daban. Littafin da malaman ƙasar Hausa suka gada ba a ɗinke yake ba. Warƙoƙi ne a sake, mai kwafa yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama don kada jeri ya rikice, a haɗa su cikin tadarishi, a saka a gafaka. Kwafi guda yakan ci watanni. Littafin ɗab'i kuwa da babbar takarda yake farawa: a buga shafi takwas a fuska ɗaya, takwas a ɗaya fuskar, a ninka ta sau uku ta zama ƙunshi mai shafi 16. Daga nan a tara ƙunshin bi da bi, a ɗinke da zare ko a ɗame da waya, a manna bango, a datse gefe uku. In aka tsallake ƙunshi ɗaya ko aka juya shi, littafin ya lalace, kuma kuskuren na iya maimaituwa a kwafi ɗaruruwa kafin a farga. Saboda haka ne maɗaba'u suke dogara da injunan ninki da na tarawa da na ɗinki, da kuma ma'aikatan da suka san sirrinsu.

Har haruffan ma sai da aka yi fama da su. Kafin lokacin, ana nuna sautukan Hausa na musamman da ɗigo ko waƙafi a jikin harafi. A shekarun 1930 ne aka koma ga masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, kuma East na cikin waɗanda suka tsaya wa wannan sauyi. A zamanin da ake jera harafin dalma ɗaya bayan ɗaya, sabon harafi na nufin sai an ƙera shi tukuna.

A watan Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Imam yana edita, East yana sa ido daga sama. Ba don son adabi kaɗai gwamnati ta amince ba: yaƙi na ƙaratowa, jita-jita game da Jamus ta cika kasuwanni, tana son bakin da zai faɗi nata zancen. Imam ya yi amfani da wannan ƙofa ya shigar da koke-koken talakawa da wasiƙun masu karatu, abin da ba kullum yake yi wa sarakuna da jami'an Turawa daɗi ba. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, East ya zama shugabansa, marubuta da masu jera haruffa da masu ɗinkin littafi suka taru a harabar guda. A 1948 kamfanin ya ƙara da jaridar Turanci, Nigerian Citizen.

Akwai abin da za a tuhumi East da shi. Ƙarfin da ya ba boko ya taimaka wajen tura ajami gefe, alhali da shi Nana Asma'u da malaman Sakkwato suka rubuta waƙoƙinsu na Hausa tun ƙarni na 19. Dubban mutanen da suke karatu da rubutu da ajami sai aka wayi gari ana lissafa su cikin jahilai.

Ya bar Nijeriya a farkon shekarun 1950, gabanin aikinsa ya kai inda ya fi yin tasiri. Lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa fitar da ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna daga Zariya: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Lardin Sakkwato, wanda Talata Mafara da Bakura da Maradun suke cikinsa a wancan lokaci. Irin waɗannan takardu ne manoma da 'yan kasuwar da suka shiga ajin manya suka fara gwada karatunsu a kai. NORLA ta rufe a 1959, a 1966 aka kafa kamfanin NNPC ya gaji littattafanta, ya ci gaba da buga su. East ya mutu a 1975, shekara shida kafin rasuwar Imam a Zariya.