Bature Mai Magani, ɗan kasuwar da ya ba da shagunansa

'Yan uwa mata, tun da bikin cika shekara na ƙungiyarmu magana ce ta kuɗi da amana, bari in kawo tarihin wani mutum. Sunansa Likita Andrew Stirrett, amma Hausawan zamaninsa Bature Mai Magani suke ce masa.

An haife shi a ƙasar Kanada a 1865. Ɗan kasuwa ne kamar mu, sai dai shi magani yake sayarwa. Yana da kemis guda biyu a birnin Toronto, ga kadarori, kuma yana karatun likita. Mutum ne da ya san riba, ya san faɗuwa, ya san yadda ake wahala kafin jari ya tsaya da ƙafarsa. Wannan ya sa kyautarsa ta fi ba ni mamaki, domin wanda bai sha wuyar nema ba, ba abin mamaki ba ne in ya watsar.

A lokacin akwai wata ƙaramar ƙungiyar mishan, wadda daga baya aka sani da SIM. Mutum uku suka fara zuwa ƙasar nan a 1893. Biyu suka mutu a 1894, ɗaya a Girku, ɗaya a Bida. Na ukun, Rowland Bingham, zazzaɓi ya kora shi gida. Ya sake dawowa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. To wa zai zuba dukiyarsa a irin wannan harka? Mu nan ko adashi ne, sai mun duba uwar adashin tukuna. Shi kuwa da ya karanta ɗan littafin da Bingham ya rubuta kan ƙasashenmu, sai ya miƙa wa ƙungiyar dukiyarsa. Bai ma jira an ce an ɗauke shi aiki ba. Ya hau jirgin ruwan da ke dakon shanu zuwa Ingila, daga can ya iso Nijeriya a 1902, yana da shekara 37.

A koyarwar Kirista, dukiya ta Allah ce, mutum ajiya kawai aka ba shi, kuma za a tambaye shi yadda ya juya ta. Daga nan ne baiko da zakkar da suke fitarwa a coci suka samo asali, kuma bayarwar ibada ce a wurinsu, kamar addu'a. Maƙwabtansu Musulmi ba baƙon zance ba ne gare su, ga zakka ga sadaka ga waƙafi. Yawanci dai kashi ɗaya cikin goma ake magana. Likita bai tsaya lissafin kashi ba.

Ya fara zama a Pategi, sannan Wushishi, daga baya Jos. A ganina, ba da shagunan rana ɗaya ce, an gama. Abin da ya biyo baya shi ne mai wuyar: shekara 46 yana duba marasa lafiya, yana matsa wa abokan aikinsa su riƙa shan kwinin kada zazzaɓin cizon sauro ya ƙarar da su kamar na farko. Ya koyi Hausa da girmansa, wanda mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mun san ba wasa ba ne, har ya shiga cikin masu fassara Littafi Mai Tsarki tare da Likita Miller na Zariya. An buga shi da Hausa a 1932. Ya kuma rubuta waƙoƙin coci da Hausa. Kuma bai rabu da kasuwa ba, domin a kasuwar Jos yake zuwa wa'azinsa har tsufa.

Ƙungiyar da ya tallafa tana dab da mutuwa ta yaɗu har nan Roni, ta buɗe asibitin ido na Kano a 1943, wanda iyayenmu da yawa sun je can an yi musu aikin yanar ido. Daga cikinta cocin ECWA ya fito a 1954.

Shi bai ga wannan na ƙarshen ba. Bai taɓa aure ba, bai koma Kanada ya huta da tsufa ba. Ya rasu a Jos a 1948, a can aka binne shi.