Sa Bernard Spilsbury: likitan da kalmarsa ta riƙa kai mutane ga igiya

Mai karatu, da wuya a sami shari'ar da ta fi ta kisan kai nauyi, domin kuskure a cikinta ba ya gyaruwa. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya sakinsa a ba shi haƙuri, amma wanda aka rataye ya tafi ke nan. Wannan ne ya sa na ga dacewar mu waiwayi rayuwar Sa Bernard Spilsbury, likitan binciken gawa da ya fi kowa suna a Ingila a farkon ƙarni na 20, wanda kotuna suka shafe fiye da shekara 30 suna karɓar maganarsa tamkar yankan wuƙa, kuma har yau ake jayayya a kan wasu hujjojin da ya gabatar.

An haifi Spilsbury ranar 16 ga Mayu, 1877 a garin Leamington Spa, mahaifinsa kuwa mai sana'ar harhaɗa magunguna ne. Ya karanci kimiyya a Kwalejin Magdalen ta Jami'ar Oxford, daga nan ya wuce Asibitin St Mary's da ke Landan a 1899, inda ya kammala karatun likita a 1905. A can ya faɗa hannun manyan malamai uku, wato Augustus Pepper da Arthur Luff da William Willcox, waɗanda su ne Ma'aikatar Cikin Gida kan nema idan an tsinci gawar da ake shakkar sanadin mutuwarta. Shi mutum ne mai ƙwazo da ƙarancin magana, wanda ya fi sabawa da madubin likita fiye da zaman hira.

Shari'ar da ta fito da shi ita ce ta Dakta Hawley Harvey Crippen a 1910. Crippen Ba'amurke ne mazaunin gida mai lamba 39 a Hilldrop Crescent, Landan, kuma matarsa Cora ta ɓace tun ƙarshen Janairun shekarar. Da 'yan sanda suka fara yi masa tambayoyi, sai ya tsere da sakatariyarsa Ethel Le Neve, wadda ta yi shigar maza, suka shiga jirgin ruwa mai suna Montrose zuwa Kanada. Kyaftin ɗin jirgin ya gane su, ya aiko da saƙo ta wayar iska, Sufeto Walter Dew ya bi su a jirgin da ya fi sauri, ya kama su ranar 31 ga Yuli. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan kuwa an tono tsokar jikin mutum, babu kai, babu ƙashi, babu abin da zai nuna namiji ne ko mace. An sami guba mai suna hayosin a cikinta, irin wadda Crippen ya saya a watan Janairu, tare da ƙyallen rigar barci.

Abin da ya rage wa masu gabatar da ƙara shi ne su tabbatar cewa tsokar ta Cora ce, kuma duk wannan nauyi ya rataya ne a kan wani ɗan yankin fata. An san an taɓa yi wa Cora tiyata a ciki. Spilsbury, yana ɗan shekara 33, ya shaida wa kotu cewa alamar da ke jikin fatar tabon tiyata ne, alhali likitocin ɓangaren wanda ake tuhuma sun ce lanƙwasar fata ce kawai da ta auku bayan binnewa. Ya kawo madubinsa kotu, ya yi bayani cikin natsuwa ba tare da inda-inda ba. Masu taya alƙali yanke hukunci ba su wuce minti 27 suna shawara ba, aka kuma rataye Crippen a kurkukun Pentonville ranar 23 ga Nuwamba, 1910.

Tun daga nan tauraruwarsa ta riƙa haskawa. Shi ne ya bayyana yadda George Joseph Smith ya nutsar da matansa uku ɗaya bayan ɗaya a bahon wanka, a shari'ar 1915, ya kuma ba da shaida a kan lauya Herbert Armstrong, wanda aka samu da laifin kashe matarsa da guba a 1922. A 1923 aka ba shi lambar girma ta Sa. Adalci ne kuma a faɗi alherinsa. A 1924, da ya je gidan da Patrick Mahon ya kashe Emily Kaye a gaɓar tekun Sussex, ya tarar da 'yan sanda suna kwasar sassan gawa da tsurar hannu. Wannan ya sa aka tanadar wa masu bincike na Scotland Yard jaka ta musamman mai ɗauke da safar hannu da hantsaki da kwalabe da ma'auni. Kula da wurin da aka aikata laifi, kamar yadda aka san shi a yau, yana da hannun Spilsbury a ciki.

Sai dai masu iya magana sun ce gwani ruwa ke ci. A Disamba 1924 wata budurwa mai suna Elsie Cameron ta bar Landan zuwa wurin saurayinta Norman Thorne, mai kiwon kaji a Crowborough, ba a sake ganinta ba sai da aka tono sassan jikinta a gonarsa a watan Janairu. Thorne ya amsa cewa shi ya daddatsa gawar ya binne, amma ya ce ya dawo ne ya tarar ta rataye kanta a jikin katakon rufin bukkarsa, tsoro ya sa ya aikata abin da ya aikata. Saboda haka shari'ar ta koma kan tambaya ɗaya: akwai shatin igiya a wuyanta ko babu? Spilsbury ya ce layukan da ke wuyan lanƙwasa ce ta halitta, kuma raunukan duka ne suka kashe ta. Dakta Robert Bronte da wasu likitoci da dama, waɗanda suka duba gawar bayan an sake tono ta, sun ce alamun sun dace da rataya. 'Yan sanda kuma sun ce ba su ga gurbin igiya a jikin katakon ba.

Mai yiwuwa ne Thorne ya yi kisan, domin ya yi ta sharara ƙarya kafin a gano gawar. Abin da ya tayar da hankalin jama'a shi ne yadda aka warware saɓanin likitocin. Ba a kafa kwamitin masana ya sake duba samfuran ba. Sunan mutum ɗaya ne ya rinjayi sauran, har alƙali da kansa ya nuna wa masu taya shi hukunci fifikon ra'ayin Spilsbury. Sa Arthur Conan Doyle, marubucin nan da ke zaune a garin na Crowborough, yana cikin waɗanda suka nuna rashin gamsuwa. Duk da haka an rataye Thorne ranar 22 ga Afrilu, 1925.

Shari'u biyu da suka biyo baya sun ƙara fito da matsalar. A 1927 a Edinburgh, Spilsbury ya tsaya wa Donald Merrett, saurayin da aka tuhuma da harbe mahaifiyarsa, ya ce raunin zai iya zama na wadda ta harbi kanta. Kotu ta ce ba a tabbatar da laifin kisa ba. A 1954 wannan Merrett ɗin ya kashe matarsa da surukarsa. A 1930 kuma, a shari'ar Sidney Fox da aka zarga da shaƙe mahaifiyarsa a wani otal a Margate don kuɗin inshora, Spilsbury ya ce ya ga rauni a maƙogwaron matar, amma babu wani likita da ya gan shi bayansa, har da Farfesa Sydney Smith na Edinburgh. Ya ce ruɓewa ce ta shafe shi, aka yarda, aka rataye Fox.

Ƙarshen rayuwarsa abin tausayi ne. Ɗansa Peter, wanda likita ne, ya mutu a ruwan bama-baman da Jamus ta yi wa Landan a 1940, wani ɗan nasa Alan kuma tarin fuka ya kashe shi a 1945. Shi kansa lafiya ta ƙi, hannunsa da tunaninsa suka fara rauni. Ranar 17 ga Disamba, 1947 aka tsinci gawarsa a ɗakin gwaje-gwajensa na University College da ke Landan, bincike ya nuna shi ya kashe kansa da iskar gas. Ya duba dubban gawarwaki, amma bai wallafa littafin koyarwa ba, bai kuma bar ɗaliban da ya rena ba. Ya saba aiki shi kaɗai, ilminsa na cikin kansa da ƙananan katunan da yake rubutu a kai.

Shekara 60 bayan mutuwarsa, fatar nan ta shari'ar Crippen ta sake tayar da ƙura. A 2007 David Foran na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka ya gwada ƙwayoyin halittar samfurin da aka adana a Asibitin Royal London, ya ce bai dace da na dangin Cora ta wajen uwa ba, daga baya ma ya ce na namiji ne. Wasu masana sun musanta, suna cewa samfurin da ya shekara kusan 100 yana yawo a hannun mutane zai iya gurɓata, kuma ba lallai ne a ce an bi salsalar dangin daidai ba. Guba da ƙyallen rigar da gudun Crippen duk suna nan a matsayin hujja a kansa. A 2009 hukumar da ke sake duba shari'un laifuka a Ingila ta ƙi miƙa batun ga kotun ɗaukaka ƙara.

Abin lura a nan shi ne, ana iya jayayya a kan shari'ar Crippen ne saboda an adana samfurin. Raunin da aka ce an gani a maƙogwaron mahaifiyar Fox kuwa ya bi mai ganinsa kabari. Mu da muka gāji tsarin kotu da na binciken gawa daga Ingila, muke kuma da hukuncin kisa a dokokinmu, wannan darasi namu ne. A killace wurin da aka yi kisa kafin jama'a su tattake shi, a ɗauki hoto, a adana samfuri, a kuma ba wanda ake tuhuma damar kawo nasa masanin ko da ba shi da ko sisi. Likita ya faɗi iyakar abin da ya gani da inda saninsa ya tsaya, alƙali kuma ya tambayi hujja kafin ya dubi girman mai kawo ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle ran ɗan Adam. Allah Ya kiyashe mu da ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba.