MAZAN JIYA: Farfesa Kenneth Dike Da Jami'ar Badun

A wannan fitowa filin namu bai yi nisa ba, nan Badun ya tsaya. Duk ɗalibin da ya shiga jami'ar garin nan ya san babban laburarenta da sunan Kenneth Dike. To yau tarihin mai sunan za mu kawo muku, domin a cikinsa akwai amsar tambayar da iyaye kan yi mana kullum, wato me ke sa wata jami'a ta fi wata?

An haifi Kenneth Onwuka Dike a 1917 a Awka, garin maƙeran nan na ƙasar Ibo. Ya yi sakandare a Anacha, ya zarce Achimota a ƙasar Gana, sannan Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo. Daga nan sai Aberdeen da Landan, inda ya sami digirin dakta a fannin tarihi a 1950.

A zamanin nan fa, abin da ake kira tarihin Afirka a jami'a labarin Turawa ne da abin da suka zo suka yi. Shi kuwa sai ya juya abin. Littafinsa na 1956, a kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta daga 1830 zuwa 1885, ya nuna yadda sarakuna da 'yan kasuwar wurin ke tafiyar da al'amuransu da kansu. Da ya ga takardun gwamnati na lalacewa a ofisoshi, gara na ci, sai ya dage har aka kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Badun a 1954, daga baya ta yi rassa a Inugu da Kaduna. Ai malamin da ba shi da abin dubawa, sai dai ya yi ta maimaita na wasu.

A 1959 gwamnati ta sa shi cikin kwamitin Ashby mai duba makomar ilmi mai zurfi, tare da Shettima Kashim Ibrahim. Cikin shawarwarinsu har da kafa jami'a a Arewa, ga shi kuwa a 1962 aka buɗe ta Zariya.

A 1960 ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Kwalejin Badun, wadda tun kafuwarta a 1948 digirin Jami'ar Landan take bayarwa. A hannunsa ta tsaya da ƙafarta a 1962. Ya gane cewa malaman aro wata rana za su koma gida, don haka ya ƙarfafa karatun gaba da digirin farko, domin jami'ar ta riƙa haifar malamanta da kanta. Ya kuma nemo kuɗin bincike daga gidauniyoyin Ford da Rockefeller na Amurka.

Mu 'yan Arewa ma mun sha romon wannan aiki. A zamaninsa aka buɗe sashen Larabci da nazarin Musulunci, aka kuma kafa cibiyar da ta bi malamai gida-gida tana ɗaukar hoton tsofaffin littattafansu na hannu. A sashensa na tarihi H.F.C. Smith ya koyar, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, kafin ya koma Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi a can. A Badun ɗin dai Murray Last ya yi digirinsa a kan Daular Usmaniyya, da taimakon littattafan Wazirin Sakkwato Junaidu. Kun ga ke nan, shugaba ɗan Awka, amma ilmin Sakkwato ya sami mazauni a jami'arsa.

Sai dai kash, rikicin 1966 ya watsa wannan taro. Malamai da ɗalibai 'yan Gabas suka tattara suka tafi, shi ma ya bi su, ya kuma mara wa Biyafara baya lokacin yaƙi. Abin da aka yi shekaru ana tarawa, cikin 'yan watanni ya rabu. Bayan yaƙi ya koyar a Jami'ar Harvard ta Amurka, sannan ya dawo ya shugabanci sabuwar jami'ar fasaha ta Jihar Anambra da aka kafa a Inugu a 1980. Ya rasu a watan Oktoba na 1983.

To iyaye, in yaro ya zo da zancen jami'a, kada dogon gini da fenti su ruɗe mu. Mu tambaya su wane ne malaman, kuma zama suke yi ko kuwa leƙowa kawai. Mu tambaya ko laburare na samun sababbin littattafai, ko malaman na bincike da rubutu, ko ana gama zango a kan lokaci. Kuɗin da muke tarawa da gumi ne, shekarun yaro kuwa ba sa dawowa. Ku kuma ɗalibanmu da ke cikin jami'ar, laburaren nan mai sunan Dike a buɗe yake, kada ku bari sai jarrabawa ta ƙarato ku nemi hanyarsa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.