Sarkin Musulmi Bello Da Madubin Da Fadawa Suka Ji Tsoro

Ka taɓa ɗaga wayarka da dare, bayan an ɗauke wuta a Wurno, Rabah ko Goronyo, ka ɗauki hoton sama? Ido na ganin Zara da Kaza da 'Ya'yanta tangaram, amma hoton sai ya fito da ɗige-ɗige. Wanne ne tauraro, wanne ne ƙaryar kyamara? Riƙe tambayar nan, bari ka ji labarin mutumin da ke kwance a Wurno.

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu a 1781. Shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, ya rubuta Infaƙul Maisuri, ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Ya yi rubutu a kan mulki, har da magunguna. Wannan duk ka ji a makaranta.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne na watan Maris 1824, lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso fadarsa. Ya shimfiɗa masa taswirar sama, sai ga Bello ya san burujai goma sha biyu kaf, yana kiran taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Aka fito da na'urar auna tsayin rana, wadda mutane suka laƙaba wa madubin rana. Bello ya sa aka yi masa bayaninta ɓangare-ɓangare, aka nuna masa yadda ake awon.

A jikin na'urar akwai madubin hangen nesa da ke juya abu, kai ƙasa ƙafa sama. Fadawa kowa ya noƙe, suna tsoron sihiri ne. Shi ko Bello ya sa ido, Baturen ya koma ɗan nesa kaɗan ya tsaya, ya leƙe shi. Ka ga dabara? Mutumin da ya san a tsaye yake ya duba, don haka juyawar ta madubi ce.

To, haka masu ɗaukar hoton taurari ke yi yau. Sukan rufe bakin kyamara su ɗauki duhu zalla, daidai tsawon lokacin hoton gaske, don su kama ɗigon da zafin na'ura ke haifarwa. Sukan sake ɗauka a rufe cikin ƙiftawar ido, su ga hayaniyar lantarkinta. Sannan su ɗauki fili mai haske bai ɗaya, ƙura da duhun kusurwa su bayyana. Kwamfuta ta cire waɗannan, abin da ya rage shi ne sama.

Da Clapperton ya dawo a 1826, ya kawo masa littafin lissafin Uƙlidis na Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, domin na gidansu da aka kawo daga Makka gobara ta cinye shi. Daga baya ya tare a ribaɗin Wurno, a can ya rasu a 1837.

Yanzu fa, duk jajiberin azumi sai wani ya sako hoton jinjirin wata a Facebook, kafin fadar Sarkin Musulmi ta ce uffan an watsa shi ko'ina. Kafin ka tura, tambayi wace waya ta ɗauka, a ina, yaushe. In ka samu dare mai duhu, toshe kyamararka da yatsa ka ɗauki hoto, ka ƙara masa haske, ka ga abin da take ƙirƙira da kanta.