Leonard Cheshire: Tafiya Ɗari Cikin Wuta, Da Gadon Wani Majinyaci

Karatun yau: Luka 10:25-37, Matiyu 25:31-46

In kana zaune a Rijiyar Lemo ko Sabon Gari, ƙarar jirgin sama ba baƙuwarka ba ce. Filin jirgin nan da ke maƙwabtaka da mu ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Tun daga 1940 ake harhaɗa jiragen yaƙin Ingila a Takoradi, su biyo ta Legas, su sauka Kano su sha mai, su wuce Maiduguri da Khartum har Alƙahira. Mutumin da za ka karanta labarinsa yau matuƙi ne a rundunar saman da ta mallaki waɗancan jiragen, sai dai shi a sararin Turai ya yi nasa yaƙin.

An haifi Leonard Cheshire ranar 7 ga Satumba, 1917, a garin Chester na Ingila. Mahaifinsa babban malamin shari'a ne a jami'ar Oksfod, shi ma can ya karanci shari'a. Ɗan gata ne, mai son mota da caca da holewa. An yi masa baftisma yana jariri, amma da ya girma ba abin da ya haɗa shi da majami'a.

A watan Yuni na 1940 ya fara tuƙa jirgin jefa bom. Ka san irin aikin da ake magana a kai: cikin mutum kusan 125,000 da suka yi aiki a jiragen bom na Ingila, fiye da 55,000 ba su ga ƙarshen yaƙin ba. A Nuwamba na shekarar, a sararin birnin Kolon na Jamus, harsashin igwa ya sami jirginsa, wuta ta kama, gefen jirgin ya tsage. Mutanensa suka kashe wutar, shi kuma ya lallaɓo da ragowar jirgin har gida. Nan ya sami lambar yabonsa ta farko. Shekara na zagayowa aka harbo jirgin ƙanensa Christopher a Balin, ya zama fursunan yaƙi.

A 1942 aka ba shi jagorancin runduna ta 76. Abin da aka fi tunawa da shi a wurin, ya haddace sunayen mutanensa har da makanikai da masu dafa abinci. A wannan rundunar ce daga baya wani ɗan Nijeriya, Akin Shenbanjo, ya yi aikin rediyo cikin jirgin bom, har shi ma ya sami lambar jarumta a 1944.

Cheshire yana da shekara 25 ya kai muƙamin da ba matashi kamarsa da ke riƙe da shi, muƙamin zama a ofis. Bai daɗe ba ya nemi a rage masa girma don ya koma tuƙi, aka ba shi runduna ta 617 a ƙarshen 1943. A lokacin daga can ƙololuwar sama ake sakin bom cikin duhu, da yawa kuma kan gidajen mutane yake faɗawa maimakon inda aka nufa. Sai ya ɗauki wata hanya mai haɗari: shi zai sauko ƙasa-ƙasa, inda kowace bindiga ke iya samunsa, ya ajiye alamar wuta daidai kan wurin, sauran su saki nasu a kanta. A Fabrairun 1944, a kan wata masana'antar injin jirgi a Limoj ta Faransa, sau uku yana ratsa saman rufin kafin ya saki alamar, don ma'aikatan dare Faransawa su ji su gudu. Suka kuwa gudu. A Afrilu ya yi irin wannan saukowar a Munik, tsakiyar fitilu da ruwan harsashi.

Da ya cika tafiya 100 a Yulin 1944 aka hana shi sake tashi. A Satumba aka ba shi Gicciyen Biktoriya, lambar jarumta mafi girma a Ingila. Ga abin da nake so ka lura da shi. Yawanci saboda abin da mutum ya yi a rana guda ake ba da ita. Tasa kuwa ta shekara huɗu ce, ta mutumin da ya san abin da ke jiransa, ya ga abokansa suna ƙarewa, gobe kuma ya sake hawa.

Ba zan wanke maka aikin ba. Ƙarƙashin waɗannan alamu akwai mata da yara, kuma sun mutu. Ranar 9 ga Agusta, 1945, Cheshire yana cikin jirgin Amurka a matsayin ɗan kallo na gwamnatin Ingila sa'ad da aka jefa bom ɗin nukiliya a Nagasaki. Har ya mutu yana ganin yaƙi da Hitila wajibi ne, bai kuma yi da-na-sanin shigarsa ba. Ni dai na san lambar tagulla ba ta gafarta zunubi, jinin Yesu ne kaɗai ke yi.

Ya bar soja a 1946. Ya tara tsofaffin sojoji don su zauna tare su yi noma, abin ya rushe, ya bar shi da bashi da wani ƙaton gida da ba kowa, mai suna Le Court.

A Mayun 1948 aka aiko masa daga wani asibiti. Wani tsohon soja, Arthur Dykes, wanda ya taɓa zama cikin ƙungiyar tasa, ciwon daji ya ci shi, likitoci sun gama nasu, ana kuma bukatar gadon. Cheshire ya nema masa wuri ko'ina, bai samu ba. Sai ya ɗauko shi ya kawo gida. Bai san komai game da jinya ba, sai da aka koya masa yadda ake yi wa mai ciwo wanka a kwance, da canza zanen gado. Shi ke dafa abinci, shi ke zubar da fo, shi ke kwana kusa da ƙofa. Wata uku ke nan, har Arthur ya rasu a Agusta.

Arthur ɗan Katolika ne da ya komo ga bangaskiyarsa a kan gadon mutuwa. Salamar da Cheshire ya gani a wurinsa, da wani littafi da ya karanta bayan rasuwar, su suka kai shi ga ba da kansa ga Almasihu. A jajibirin Kirsimeti na 1948 ya shiga ikilisiyar Katolika. Akwai koyarwarsu da ba mu yarda da ita ba, ba na ɓoye wannan. Amma a misalin da ka karanta, Ubangiji da gangan ya ɗauko Basamariye don ya kunyata firist da Balawe.

Mu masu gaskata warkarwa ne, mun kuma ga Ruhu Mai Tsarki yana ta da marasa lafiya. Sai dai ka duba halinmu. Wanda ya warke, muna ba shi makirufo ya ba da shaida. Wanda aka ɗora wa hannu sau goma bai tashi ba, aka sallamo shi daga asibiti ya koma ɗakin haya, sai ƙafa ta ɗauke. Wasu ma har su fara raɗa cewa bangaskiyarsa ce ta kasa. Zuwa addu'ar dare guda ba wuya. Mai wuya shi ne zuwa na arba'in wurin dattijuwar da shanyewar jiki ta kwantar, wadda ba ta ma iya gode maka. Kafin ka rufe wannan shafi, ka kira sunan mutum ɗaya a sashenku da ya daina zuwa sujada saboda ciwo, ka tuna yaushe rabonka da ƙofarsa.

Kafin Arthur ya rasu an kawo wa Cheshire wata tsohuwa mai shekara fiye da 90, bayanta wasu suka biyo, har gidan ya cika. A 1952 tarin fuka ya kwantar da shi kusan shekara biyu, aka cire masa huhu ɗaya. Da ya tashi ya tafi Indiya ya buɗe gidaje irin wannan. A 1959 ya auri Sue Ryder a Bombai, ita ma mai hidimar waɗanda yaƙi ya tagayyara. Aikin ya iso Nijeriya, inda aka buɗe gidan yara masu naƙasa a Ibadan, daga baya aka yi wasu a Legas da Inugu.

A ƙarshe ciwon jijiya mai shanye gaɓoɓi ya kama shi, ya zama shi ake ɗagawa ana kwantarwa. Ya rasu ranar 31 ga Yuli, 1992, yana da shekara 74. A lokacin akwai gidaje fiye da 250 masu ɗauke da sunansa a ƙasashe kusan 50.